LAFIYA UWAR JIKI: Horon Yunwa Ba Ya Raba Mutum Da Teɓa

Jama'a, a ƙasar nan tamu in mutum ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ko kuwa kasuwa ta yi masa kyau, abin da akan fara dubawa shi ne wuyansa da cikinsa. In wuya ya yi kauri, tumbi kuma ya turo riga, sai a ce lalle wane ya samu, hutu ya karɓe shi. Amarya kuwa in ta shekara a ɗakinta ba ta yi ɓulɓul ba, sai dangi su shiga raɗe-raɗin ko mijin ba ya riƙonta da kyau. Da wannan fahimta muka tashi, amma likitoci sun daɗe suna jan kunnenmu cewa abin da muke yi wa kirari yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwar da ke hana dattijo sakewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafin cewa a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 na duniya akwai mutum 1 mai ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka har ya ɗara tun daga 1990. Mun sani sarai a gidaje da yawa na ƙasar nan abin da za a ɗora a murhu shi ne abin damuwa, ba rage shi ba. To, maganarmu ta wannan mako da waɗanda abin ya yi wa yawa take: ma'aikacin ofis da ke wuni bisa kujera, da ɗan kasuwar da ba ya tashi daga bakin shago sai salla, da uwargidan da aikinta ya koma hannun 'yan aiki.

Ran da likita ya ce da irin wannan mutum ya rage nauyi, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne ya yi wa cikinsa horon yunwa. Sai ya daina karin kumallo, ya tsallake abincin rana, ya kwana da ruwan zafi da lemun tsami. Mako biyu ko uku wando ya yi masa yawa, murna ta kama shi. Bayan wata uku kuwa sai ka tarar da shi ya koma yadda yake, wani lokaci ma har da ƙari. Kafin mu ga dalilin haka, ya kamata mu san lissafin da jiki ke yi da abinci.

Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni ake auna shi, wanda masana ke kira kalori. A ƙiyasi, namiji baligi kan bukaci kalori wajen 2,500 a wuni, mace kuma wajen 2,000, ko da yake manomin da ke huɗa ya fi magatakarda bukata nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na tuwo busasshe, watau garin hatsi, ko na sukari, yana ba da kalori wajen 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Abin da aka ci jiki bai ƙone shi ba, sai ya mai da shi kitse ya ajiye, kamar yadda manomi kan zuba rarar hatsi a rumbu. Kilo ɗaya na wannan kitse yana riƙe da kalori wajen 7,700. Saboda haka babu wata hanya ta rage shi sai abin da ke shiga ya kasa abin da ke fita, jiki ya koma ɗiban rumbunsa.

To, in haka ne, me zai hana a rufe baki gaba ɗaya a huta? Amsar tana cikin wani bincike da aka yi a Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka daga 1944 zuwa 1945, a ƙarƙashin wani masani mai suna Ancel Keys. Yaƙin Duniya na Biyu ya jefa mutanen Turai cikin yunwa, ana so a san yadda za a farfaɗo da su. Sai samari 36 masu ƙoshin lafiya suka ba da kansu. Aka yi mako 12 ana ba su abinci isasshe, sa'an nan aka zabge kusan rabinsa har tsawon mako 24, alhali kuwa kowannensu yana tafiyar ƙasa ta wajen kilomita 35 a mako. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma fa jiki bai zauna ya zuba ido ba: ƙarfin da yake ƙonawa in mutum yana hutawa ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Sanyi ya dame su, kasala da saurin fushi suka kama su, tunaninsu duka ya koma kan abinci, har wasu suka shiga tara littattafan koyon girki. Da aka sakar musu mara suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa, kitsen jikinsu ya dawo har ya zarce na farko.

Kada wani ya ce ai waɗannan dama ba masu ƙiba ba ne. A shekarar 2016 masana a Amurka sun bi sawun mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta gidan talabijin. A cikin mako 30 na gasar kowannensu ya zubar da kilo 58 in aka yi matsakaicin lissafi, amma bayan shekara 6 kilo 41 daga ciki ya dawo, jikinsu kuma yana ƙona kalori wajen 500 a wuni ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu. Watau jiki bai san bambancin fari da niyyar mai shi ba. Da ya ga abinci ya yanke farat ɗaya, sai ya ɗauka yunwa ce ta shigo gari, ya rage kashewa, ya ƙara wa mutum kwaɗayi. Har wa yau, mai horon yunwa ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka tana cikin masu ƙona abinci.

Abin da aka jarraba aka ga amfaninsa ya fi wannan sauƙi. A shekarar 2002 aka bayyana sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. An nemi kashi ɗaya daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu ta hanyar gyara cimarsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri. Cikin wajen shekara 3, kamuwa da ciwon sukari a tsakaninsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani kashi 31 suka samu. Mai karatu ya duba da kyau: ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 bai fi kilo 6 da 'yan kai ba. Ba a ce sai ya koma kamar sandar rake ba. In mutum ya rage kalori wajen 500 a wuni, zai riƙa sauke wajen rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya abin ya ɗan lafa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Daga ina za a zare wannan 500 ba tare da an kwana da yunwa ba? Wuri na farko shi ne kwalbar mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne, lita ɗaya kuwa ta haura 8,000, watau abincin mace na kwana huɗu. Duk da haka sai ka ga an tsiyaya mai a miya ba awo har yana iyo a sama, an soya ƙosai da doya da dankali, an kuma malala wani bisa shinkafa da wake. Uwargida in ta koma auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga bakin kwalba, ta rage rabin matsalar gidanta, ta kuma rage wa maigida kuɗin cefane.

Wuri na biyu shi ne abin sha. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, watau ƙaramin cokalin shayi 12 ko 13, kalori sama da 200, kuma in an sha ba ta hana a ci tuwo yadda aka saba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin wuni, in da hali ma a tsaya a wajen ƙaramin cokali 6. Dokar kuɗi ta Nijeriya ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, amma haraji ba zai bi mutum teburin mai shayi ba, inda akan zuba sukari da babban cokali a bi shi da madarar gwangwani. Haka kunu da koko da zoɓo da fura: asalinsu ba abin zargi ba ne, sukarin da muke ɗura musu shi ne ɓarnar. A riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Wuri na uku shi ne girman malmala. Wanda ya saba da uku ya koma biyu, ya cike gurbin da miyar ganye mai yawa. Masana abinci kan ce a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kwaɗon zogale da na rama, da miyar kuka da ta kuɓewa da ta alayyafo, da dafaffen wake da alala, da gero da dawa da acca waɗanda ba a cika surfe su ba, duk suna cika ciki, suna kuma daɗewa kafin yunwa ta dawo. Abincin leda da na gwangwani shi ne akasin haka. A wani gwaji na 2019 a Amurka, mutum 20 da aka bari su ci iya son ransu sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a wuni a makonnin da aka ba su abincin da masana'anta suka sarrafa ƙwarai, bisa ga makonnin da aka ba su dafaffen abinci na asali.

Akwai masu gardamar cewa sai an bar tuwo da shinkafa kwata-kwata, wasu kuma su ce maiƙo ne za a bari. Jami'ar Stanford ta gwada hanyoyin biyu a kan mutum 609 har tsawon shekara guda, sakamakon ya fito a 2018: masu rage maiƙo sun sauke wajen kilo 5, masu rage dangin tuwo wajen kilo 6, bambancin da masanan suka ce bai taka kara ya karya ba. Ke nan tsarin da ya fi shi ne wanda mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru, a gidansa, da abin da aljihunsa zai ɗauka.

Sai a yi hattara da masu tallan shayin rage tumbi a tashoshin mota da kafofin intanet. Da yawansu ganyen sa zawo ne irin su filasko, ko kuwa maganin sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitse yana nan daram. An sha kama wasu da sinadarin sibutramine, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Akwai kuma allurar semaglutide da Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021. Tana aiki ƙwarai, amma tana da tsada, sai da likita ake yin ta, kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina ta sun mai da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda.

Wanda ke son sanin matsayinsa, ga awo mai sauƙi. Ya sami igiya ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa daidai saman cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, to, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa mafi haɗari. A asibiti kuma akan raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai tsawon mita 1.70 in ya haura kilo 72 ya fara wuce iyaka, in ya kai 87 ya shiga sahun masu ƙibar da ke bukatar kulawa. Amma mace mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da mai shan maganin sukari ko na hawan jini, kada su taɓa cimarsu sai da shawarar likita. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba da niyyarsa ba, wannan ba abin murna ba ne, ya hanzarta zuwa asibiti, domin tarin fuka da ciwon sukari kan zo da haka.

Abu na ƙarshe, wannan aiki na gida ne gaba ɗaya. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, saboda haka maigida ba zai gyara cimarsa ba in uwargida ba ta san dalili ba, ita ma ba za ta iya ba in kullum da dare yana shigo mata da tsire da lemo. Mu kuma 'yan'uwa da abokai mu rage tsare mutum da tambayar ko lafiya don mun ga ya faɗa, mu daina ɗaukar ƙin ƙarin tuwo a matsayin raini ga mai gida. Da yayyafi kogi kan cika. Yadda teɓar nan ta taru da cokali-cokali cikin shekaru, haka za ta tafi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.