An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wani irin labari da ke yawo a wayoyin matan New Bell, a birnin Duwala, daga zaurukan WhatsApp zuwa Wattpad. Sarkin aljanu ya sace budurwa bil'adama, ya kulle ta a fadarsa, ya mare ta, ya raba ta da iyayenta, can kusa da ƙarshe sai ta gane wai duk so ne. Makaranciya takan raba dare a kansa, gari ya waye tana yabon duniyar da aka ƙaga mata, amma zuciyarta ba ta kwanta da gwarzon labarin ba. Sai masu wa'azi su ce laifinta ne da ta buɗe littafin aljanu, masoyan marubuciyar kuma su ce hassada ce. Ni kuwa na ce ita ce mai gaskiya a cikinsu.

Mu fara da masu cewa aljani ne matsalar. Aljani ba baƙo ba ne a adabinmu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda gasar 1933 ta haifar, dukkansu sun ratsa duniyar aljanu, kuma an karantar da su a makarantu shekara da shekaru. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Me aka samu? Labarin bai mutu ba, yau ga shi a waya, inda ashana ba ta kai wa gare shi.

Sai masu cewa ai ƙage ne kawai. Ƙage ne, amma marin da ke ciki irin wanda ake yi a gidajenmu ne. Marubuciya ta san mai karatu ba za ta yafe wa Alhaji mai dukan mata ba, sai ta sa masa rawanin aljanu da idanu masu walƙiya, ta ce dabi'ar jinsinsu ce. Balaraba Ramat Yakubu ta zana azzalumin miji a Alhaki Kwikwiyo Ne tun 1990, amma ta kira zalunci da sunansa, ta kuma sa ya girbi abin da ya shuka. Duhu a labari ba laifi ba ne. Laifin shi ne a shafa wa zalunci zuma, a miƙa wa yarinya.

Abin ya fi nauyi a Duwala. 'Yar New Bell da Faransanci ko Ingilishi take karatun boko, don haka sau da yawa a irin waɗannan labarai take fara karanta Hausa mai tsawo. Nan take tsintar kalmomin so, da kishi, da haƙuri. In can aka koya mata cewa kulle da mari alamar ƙauna ce, da harshen uwarta aka yaudare ta.

Saboda haka, marubuta, ku riƙe aljanunku, ku ƙara musu fadoji da tsafi in kun so. Amma in gwarzonku ya ɗaga hannu, ku bar budurwar ta ƙi shi, ko ku sa ya biya. Ke kuma makaranciya, kada ki ji kunyar wannan rabuwar zuciya. Ki rubuta ta a ƙasan labarin, marubuciyar ta gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.