Iyayen Masu Galahanga: Lokacin Haɗa Kai Ya Yi



A unguwanni da yawa akwai gidan da ake shigar da wani yaro ɗaki da zarar baƙi sun yi sallama. Ya kai shekara biyar bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ƙarar injin niƙa kan sa ya toshe kunne yana ihu. Likitoci na kiran wannan lalura otizim, wasu kuma su ce galahanga. Amma a bakin jama'a sai a ce iska ce, ko sammu, ko kuwa uwar ce ta sangarta shi. Ta haka uwa ke ƙaurace wa suna da biki, uba ya ƙarar da abin hannunsa wajen 'yan tsibbu, wani auren ma ya mutu.

Wannan zargi ba yau aka fara shi ba. Bayan Likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, daga yara 11 da ya duba, an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba. Iyayen ne da kansu suka miƙe. A 1962 waɗansunsu suka haɗu a Landan suka kafa ƙungiyar da yau ake kira National Autistic Society, a 1965 kuma suka buɗe wa yaransu makaranta. A Amurka, Bernard Rimland, masanin da ɗansa ke da lalurar, ya fitar da littafi a 1964 yana nuna cewa tushenta a ƙwaƙwalwa yake. Yau bincike ya nuna gado na da babban hannu a ciki, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba.

Darasin a fili yake: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ta samo dabarar koya wa ɗanta cin abinci da kansa, ko nuna buƙatarsa da hoto, tana riƙe da ilimin da maƙwabciyarta ke kwana tana kuka a kansa. In iyaye goma suka haɗu, za su iya yin karo-karo su ɗauki malami guda, su raka juna asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, su kuma nemi haƙƙinsu da murya ɗaya a ƙarƙashin dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019.

Saboda haka lallai ne kwamitocin masallatai da shugabannin Islamiyyu su ba waɗannan iyaye aji guda su riƙa zama ko da sau ɗaya a wata. Limamai su faɗa a huɗuba cewa yaran nan amana ce, ba abin kunya ba. Iyaye maza kuma kada su bar wa mata ɗawainiyar su kaɗai. Addu'a ba ta hana zuwa wajen likita.

Allah Ya ba iyayen nan juriya, Ya saka masu da mafificin alheri.