Kafin Mu Sake Ƙona Littafin Wani Yaro



Juma'ar da ta wuce ta sama, bayan an idar da la'asar, aka shigo mana da wani yaro harabar masallaci ana riƙe da wuyan rigarsa. Shekarunsa 14, ɗalibinmu ne a Islamiyyar dare, izu 11 ke kansa. Laifinsa shi ne an buɗe jakarsa an ga baƙar riga mai zanen jan gajimare, da wani ƙyalle mai ƙarfe da ake ɗaurawa a goshi, da littattafai uku cike da zanen mutane masu jajayen idanu. Kafin maganar ta iso gare mu, mahaifinsa ya riga ya zuba wa littattafan kananzir ya cinna musu ashana a ƙofar gida. Wasu har sun fara cewa a kira 'yan sintiri, wai yaron ya shiga ƙungiyar asiri.

Ba mu raina tsoron uban ba. Duk wanda ya zauna a Agege ya ga abin da 'yan Awawa suka yi wa mutane ba zai ga baƙuwar alama a jakar ɗansa ya yi barci ba. Amma da muka sa aka saki wuyan rigar, muka ce, "Yaro, mene ne wannan?" sai ya ce cikin kuka, "Baba Liman, wallahi Naruto ne." Katun ne na ƙasar Japan, irin wanda yara ke kira anime. Rigar kuwa ta miyagun cikin labarin ce, a gwanjo ya saye ta da kuɗin da ya tara. Zanen shekara biyu ya zama toka saboda babu babba ɗaya a cikinmu da ya tsaya ya yi tambaya kafin a kawo kananzir.

Yanzu kuma ga shawara a gaban kwamitin masallaci: duk yaron da aka kama da irin wannan kallo ko zane, a kore shi daga Islamiyya. Ranar Asabar za a yanke. Muna faɗa a rubuce tun kafin ranar, ba mu yarda ba, kuma ga dalilanmu.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke zaune a kwamitin nan, a ina muka yi ƙuruciyarmu? Ba a Pen Cinema ba? Yau gada ta haye wurin, suna kawai ya rage, amma mu ba mu manta ba. Wa ya manta yadda muke rage canjin cefane mu je kallon Indiya? Akwai masu furfura a sahun gaba da suka kalli Sholay, fim ɗin 1975, fiye da sau goma, har yau in ka taɓo musu zancen Gabbar sai ka ga fuska ta washe. Mu muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, muka raɗa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Mu muka sassaƙa itace biyu muka haɗa da sarƙar keke don mu zama Bruce Lee, muka fasa wa juna kai. Da yamma mu cika ɗakin mai talabijin muna jiran Voltron, wanda shi ma in ka bi asalinsa daga Japan ya fito. Iyayenmu sun zane mu, gaskiya ne, amma ba su kore mu daga makarantar allo ba. Da sun kore mu, wa zai ja ku salla yau?

Sai a ce ai na yanzu daban ne, na yanzu daga waya yake fitowa, kuma waya cike take da shirme. To, wa ya fi mu yaɗa shirmen waya? Ku buɗe zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ku gani. Yau kifi mai fuskar mutum, gobe macen da aka ce ta rikiɗe ta zama maciji a Makka, jibi jariri mai wa'azi wanda na'ura ce ta haɗa shi, a ƙasa an rubuta wanda bai tura wa mutum goma ba kada ya kuka da kowa. Alhazai ne ke turawa, har da masu rawani. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ne ya tashe mu cikin dare muka yi wanka da ruwan gishiri muka kuma ɗirka wa cikinmu, har aka samu waɗanda suka rasa rai a ƙasar nan. Yaron da ke kallon Naruto ya san ƙirƙira ce, bai taɓa zaton akwai dila mai wutsiya tara a duniya ba. Mu kuwa namu shirmen gaskata shi muke yi, har mu jingina shi ga addini. Tsakani da Allah, wanne ya fi hatsari?

Bayan abin ya faru, mun sa yaron ya zauna a shagonmu ya ba mu labarin tun daga farko, mun kuma kalli kashi huɗu da shi. Wani mai zane ne, Masashi Kishimoto, ya fara shi a 1999 ya gama a 2014, littafi 72. Labarin maraya ne wanda aka ɗaure wata muguwar dabba a cikinsa ranar da aka haife shi. Mutanen garinsu suna ƙyamarsa, iyaye suna janye 'ya'yansu in ya matso, shi kuwa ya rantse sai ya zama shugaban garin don a yarda shi ma ɗan gari ne. Malami ɗaya ne ya fara jawo shi jiki, yana saya masa taliya.

Da muka ji haka sai jikinmu ya yi sanyi. Ku dubi 'ya'yanmu. An haife su a Agege, an haifi iyayen wasunsu a Agege, amma in sun hau danfo sunansu aboki. In mun kai su Kano ko Katsina hutu, a yi ta dariyar Hausarsu, a ce 'yan Kurmi sun zo. Nan baƙi, can baƙi. Sai ga labarin yaron da garinsu ya ƙi shi amma bai ƙi garin ba. Me zai hana su riƙe shi? Abin kunyar namu ne, da ya zamana wani mutum a Japan ya taɓo abin da ke ran yaron Zango, mu da muke kwana gida ɗaya da shi ba mu sani ba.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce Liman ya halatta katun. Akwai ɓarna a ciki, kuma za mu faɗe ta. Akwai waɗanda tsiraici ne zalla, ba su dace da yaro ba, ba su dace da babba ba. Akwai masu zubar da jini kamar mayanka. A Dragon Ball ana tara ƙwallaye bakwai a roƙi dodo ya ta da matacce, kuma dole yaro ya ji daga bakin ubansa cewa mai rayawa da kashewa Allah ne Shi kaɗai. Sai kuma lokaci, wanda mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin kuɗi ne. Naruto kashi 720 ne. In ka buga kowane kashi minti 23, ka samu awa 276, kwana 11 da rabi ke nan ba barci ba salla. One Piece da aka fara zanawa a 1997 ya haura kashi 1,000, bai ƙare ba. Yaron da ya kwana a kan waya ba zai ga asuba ba, ba zai riƙe hadda ba, ga kuɗin data da ke fita daga aljihun uwa. Duk wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce, kora tana maganin wanne daga ciki? Yaron da aka kora daga Islamiyya wayarsa tana nan a hannunsa. Abin da muka ƙwace masa shi ne awa biyun da yake zama gaban malami. Daga nan sai bakin titi, inda 'yan ƙungiyar asirin na gaske suke jiran wanda gida ya yar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wani ɗan'uwa a kwamiti ya ce zanen abu mai rai haramun ne, magana ta ƙare. Muna girmama shi, kuma akwai manyan malamai da suka tsaya a kan haka. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken jikin abu mai rai. Zanen da ke shimfiɗe a takarda, malaman mazhabar sun ajiye shi a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Kuma mun karanta a Sunan na Abu Dawud cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, cikinsu har da doki mai fukafukai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani, ya tambaye ta, ta ba shi amsa da dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Tambaya ya fara yi. Mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta ba a korar yaro daga karatun Alƙur'ani saboda ita. Kuma mu ji tsoron Allah, masu wannan fatawa hotunansu ne manne a fastocin siyasa daga nan har Oko-Oba.

Yanzu bari mu yi maganar kasuwa, tunda ita muka fi ganewa. Abin da muke kira wasan yara sana'a ce da ke ciyar da mutane a garin nan. Tun 2012 ake taron Lagos Comic Con, inda masu zane ke baje kolinsu, masu saye su zo da kuɗi. A 2024 kamfanin Disney ya fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba, tare da wasu matasa 'yan Afirka masu kamfanin Kugali. Wani ɗan Legas, Roye Okupe, ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ya gina jarumarsa Malika a kai, har masarautar ya kira ta Azzaz, wanda duk mai kunne ya ji Zazzau a ciki. Ba mu zarge shi ba, Allah Ya ƙara masa basira. Ya ga dukiya a yashe ne ya ɗauka. Saudiyya ma, da wasunmu ke kafa hujja da ita a komai, kamfaninta na Manga Productions ya haɗa hannu da Toei na Japan, masu yin Dragon Ball da One Piece, suka fitar da fim a 2021 a kan rundunar Abraha da ta nufi Makka da giwaye. Su suna neman yara masu hannu suna horar da su. Mu namu ya zo har gida, mun saya masa kananzir.

Kuma ba labarai muka rasa ba. Gandoki na Bello Kagara ya yi yaƙi har ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana nan. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya zaga duniya tun 1934. Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun kafin a haifi iyayen waɗannan yara. Ga Bayajidda da macijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi. Mun tambayi ajinmu na dare, yara 26, wa ya taɓa jin sunan Gandoki? Hannu ɗaya bai tashi ba. Wa ya san sunan malamin Naruto? Har da 'yan mata. A gidan wa aka yi tatsuniya a bana? Mun dawo daga kasuwa a gajiye, mun miƙa wa yaro waya don ya bar mu mu huta, yanzu muna fushi wayar ta ba shi labari.

Ga abin da za mu kai gaban kwamiti ranar Asabar a madadin kora. Waya ta kwana a ɗakin uba, daga isha'i zuwa bayan asuba, kuma dokar ta hau kan uban ma a zauren WhatsApp. Kowane uba ya zauna ya kalli kashi ɗaya da ɗansa kafin ya ce e ko a'a, wanda ya ga tsiraici ya goge, ya kuma gaya wa yaron dalili. Islamiyya ta sayi littattafan Hausar nan ta ajiye, daren Alhamis a riƙa karanta babi ɗaya. Kafin Sallar layya a sa gasa, yara su zana labari daga cikinsu, wanda mahaifinsa bai natsu da zanen mai rai ba ya zana ganuwa da rijiya da takobi, ya ƙawata rubutu. Kyautar farko daga shagonmu za ta fito.

Shi kuma ɗan'uwanmu mahaifin yaron, mun yi magana da shi a keɓe, ya kuma yarda mu rubuta wannan. Alhaji, tsoro ne ya sa ka, ba ƙiyayya ba, kowa ya shaida. Amma yaron nan kwana tara ke nan bai ɗaga ido ya dube ka ba. Littafin zane da fensir ba su kai kuɗin katin da kake sa wa waya a mako ba. Ka saya da hannunka, ka miƙa masa da hannunka, ka ce ya zana maka Gandoki. In bai san shi ba, sai ka zauna ka ba shi labarin.

Masu ra'ayin kora, ku zo ranar Asabar bayan isha'i da hujjarku, za mu saurara. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya shirye mu tare da su.