Gida a Gefen Dutse: A Ba Mai Ciki da Kaka Ɗakin da Yake Daidai da Hanya

Uwargida, idan maigida ya samu fili a gangaren dutse, irin wanda ake samu a unguwanni da yawa na Jos ko a Gembu can kan tsaunin Mambila, kuma ana shirin gina gidan da za ku zauna tare da surukarki da yara, to ki nemi a nuna miki zanen tun kafin a haƙa harsashi. Akwai tambayar da magini ba zai yi ba, domin ba aikinsa ba ne: ranar da naƙuda ta taso da ƙarfe biyun dare ana ruwan sama, ta ina za a fitar da ke zuwa mota?

Mun saba da tsarin gida: zaure da shago da ɗakin maigida a bakin hanya, mata da tsofaffi can ciki. A shimfiɗaɗɗen fili wannan ba ya cutar da kowa. Amma a gefen dutse, "can ciki" yana nufin matakala ashirin sama ko ashirin ƙasa. A ganina ya kamata a juya tsarin. Ɓangaren da yake daidai da hanya, wanda za a shiga a fita ba hawa ba sauka, a ba mai haihuwa da kaka. Samari da baƙi su hau tudu, ƙafarsu lafiya lau take.

Ga dalili. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2 idan ba a tsayar da shi ba. Wadda jijjiga ta kama ba ta san inda take ba, sai mutum uku ko huɗu sun ɗauke ta, kuma ba a sauko da mutum a kwance ta matakala mai lanƙwasa cikin duhu ba tare da ɓata lokaci ba. Saboda haka ƙofar ɗakinki da ta fita waje kada faɗinsu ya gaza santimita 90, kuma a bar wurin da mota ko Keke Napep za ta tsaya daf da ƙofa. Ko ba a zo ga wannan ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo sau 8 a ƙalla, maimakon 4 na da. Macen da fita ta zame mata hawan dutse, kin san awon da za ta fara tsallakewa: na watannin ƙarshe, lokacin da aka fi buƙatar a duba hawan jini da kwanciyar yaro. Sannan tsohon ciki yana janyo nauyin jiki gaba, gaɓoɓi su saki, ba kya ganin inda za ki sa ƙafa. Faɗuwa a kan ciki na iya sa mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci. Wadda aka yi wa aiki aka ciro yaro kuwa, makonni za ta yi kafin matakala ta daina yi mata zafi.

Kaka ma haka. Gwiwa ta gaji, ido ya yi rauni, kuma tsohuwar da ta karye a ƙugu ba kasafai take komawa yadda take ba. Ita ce kuma mai kula da jego. Idan ɗakinta yana hawa ɗaya, naki yana wani, madafa tana na uku, to kwana 40 za ta yi tana hawa da sauka da bokitin ruwan zafi, jikoki suna gilmawa ta ƙafarta. Ɗakinki da nata da banɗaki da madafa su kasance a daɓe ɗaya.

Maigida, na san abin da za ka ce: sutura fa? Kuɗin hayar shago fa? Sutura katanga ce ke yin ta, ba tsawo ba. Gajeriyar katanga a gaban ƙofa, da ƙofa ta biyu da ba a buɗewa sai don gaggawa, sun isa. Shago kuma ya koma gefe, mai saye ba zai ƙi taku biyar ba.

Ƙorafin da yake da ƙarfi shi ne na danshi. Gaskiya ne, ɗakin da ya jingina da jikin tudu yana tsatsafo da ruwa da damina, bango ya yi baƙi, jariri da tsohuwa su yi ta tari. Maganinsa yana cikin ginin. A haƙa lambatu a saman fili ya kewaye da ruwan dutse ta gefen gida, ba ta tsakar gida ba, ba kuma kan maƙwabcin ƙasa ba. Kada bangon ɗakin kwana ya zama shi ne mai tare ƙasa. A gina katanga ta daban, a zuba tsakuwa a bayanta, a bar mata ƙananan ramuka da ruwa zai riƙa fita, sannan a bar rata tsakaninta da ɗaki. Wannan katangar aikin injiniya ce. Nan ne ake son rage kuɗi, nan ne kuma gini ke ruftawa a kan mutane suna barci. Kada a yi gini a hanyar ruwa don an gan ta a bushe da rani. Mutanen Jos ba su manta da ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo.

Inda matakala ta zama dole, tsawon kowane taki kada ya wuce santimita 17, wurin sa ƙafa kamar santimita 28, kuma duka su zama daidai da juna, domin takin da ya bambanta shi ke kayar da mutum. A sa abin riƙewa da fitila, a bar simintin da kaushi. Tayil mai santsi a matakalar waje ba ado ba ne.

Ruwa ƙasa yake bi, har wanda ba a gani. Don haka masai ya kasance ƙasa da rijiya, da tazarar mita 30. A duba masan maƙwabcin sama ma. Idan fili bai kai ba, a tafasa ruwan sha.

Sai sanyi. Jos tana kan tsawon kimanin mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma daren hunturu yana da tsanani ga jariri. Abin da aka saba shi ne a shigo da kaskon gawayi a toshe ko'ina. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, ta ƙare da barcin da ba a tashi, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwarsa saurin cutuwa da ita. Hayaƙin janareta ma haka yake, saboda haka wurinsa waje ne, nesa da taga. A yi wa ɗaki silin don ya riƙe ɗumi, babbar taga ta kauce wa arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa, a bar ƙaramar kafa a sama. Jariri kuma ɗumin ƙirjinki da hula da safa da bargo sun fi masa kowane kasko.

Masu gini a Filato su tambayi inda aka ɗebo yashi. Ragowar ƙasar da aka wanke kuza da ita tana da arha, amma tana ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki idan an daɗe ana zaune da shi. Kada ta shiga bulo ko shafen ɗakin kwana.

Idan kuma an riga an gina gidan, ba sai an rushe komai ba. Daga wata na bakwai a yi musayar ɗaki, ki dawo na kusa da hanya ke da kaka har a gama arba'in. A kafa ƙarfe ko gora mai ƙwari a gefen matakala, a rataye tocila a bakin ƙofa, a rubuta lambar direban da ya san hanyar gidan a bango. Idan hanyar unguwarku ba ta biyuwa da damina, ki faɗa wa ungozoma a wajen awo, a tsara inda za ki koma kusa da asibiti kafin watanki ya kama.