Gawayin Yaro da Alƙalamin Malam

 

Ya ku malamai da alarammomi da attajirai masu duba wannan shafi, a makon jiya na ga wani abu a zauren maƙwabcina, wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi, wanda har yau bai bar zuciyata ba. Ɗansa mai shekara huɗu ya tsinci guntun gawayi a murhu, ya bi bangon zauren da aka shafe da farar ƙasa da Sallah, ya yi ta zane, wani a miƙe, wani a lanƙwashe, ga ɗige-ɗige birjik. Uban ya komo daga kasuwa ya gani, ya kama hannun nan ya tsula masa tsumagiya har biyar. Da na ba shi haƙuri, sai ya ce ai shi ya sa wata mai kamawa zai kai shi makarantar renon yara ta kuɗi, a koya masa riƙon fensir. Na ce, "Alhaji, hannun da za ka biya kuɗi a koya wa riƙon fensir, ai shi ne ka doka yanzu don ya riƙi gawayi."

Abin da ni ke so in faɗa shi ne, yaro tun yana ɗan shekara uku zuwa biyar ya kamata a fara nuna masa baƙi, a kuma bar shi ya yi zane ya shafa launi, a cikin gida, a gaban uwa da uba, tun kafin a miƙa shi ga malam. Na san akwai waɗanda za su yamutsa fuska. Wani zai ce shafa launi wasa ne, ba karatu ba. Wani ya ce al'adar Turawa ce, ta shigo tare da boko. Wani kuwa, wanda ya fi su hujja, ya ce ina za mu kai hukuncin sura?

To, mai cewa al'adar Turawa ce, ya tashi ya buɗe gafakarsa ya fito da Alƙur'anin hannu da kakansa ya bari. Tawada nawa zai gani a shafi guda? Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar wasalu da ɗigon kore. Alaramman da ya rubuta shi bai yi haka don ƙawa kaɗai ba, launin ne ke gaya wa mai karatu abin da ke asalin rasmu da abin da aka ɗora don taimakon harshe. Sa'an nan ya tuna allon zayyana na ranar saukarsa, yadda mai zayyana ya zauna ya cika kowane gida da launinsa, bai ƙetare iyaka ko da ƙwayar gero ba. Wannan hannu ba a rana ɗaya ya nuna ba. Cika gida da launi ba tare da tsallake layi ba shi ne ke horar da yatsu uku da za su riƙe alƙalami, shi ne kuma ke koya wa ido lura da ƙaramin abu. Rubutunmu kuwa kusan duk a kan ƙaramin abu ya ke. Ba da ta ɗigo ne ya raba su. Ha ƙarami da ha mai ruwa ɗigo ne. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta guda a ƙasa, ƙaf ɗigonsa guda a bisa. Yaron da idonsa bai saba da ɗigo ba, babbaƙu za su ba shi wuya, farfaru su fi ba shi.

Batun sura kuwa ba na wasa ba ne, ba kuma zan yi gaggawar fatawa a gaban manyana ba. Amma sananne ne a mazhabarmu ta Malikiyya cewa haramci yana kan surar mai rai cikakkiya mai inuwa, watau wadda aka sassaƙa ko aka ƙera, wadda kuwa aka zana a takarda hukuncinta ya sauko daga nan. Ya kuma inganta cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, ba a hana ta ba. Duk da haka, wanda ya fi son tsantseni, me ya tsare shi? Ya zana wa ɗansa tulu, da dabino, da hasumiyar masallaci, da tambarin dagi, da zanen hular zanna. Ko ya rubuta masa harafi guda, ƙato mai fili a ciki, ya ce cika shi da ja. Littattafan shafa launi da a ke sayarwa a kasuwa, yawancinsu hotunan abubuwan da yaronmu bai taɓa gani ba ne, ga kuma kuɗi. Bayan kwalin sabulu ya wadatar.

Launi ma ba sai an saya ba. Gangamau ya ba da rawaya, zoɓo ko karan dafi su ba da ja, ɗanyen ganyen wake in an kirɓa ya ba da kore, shuni yana nan wurin marina, gawayi yana murhu. A ɗan sa ƙaro don ya kama. Sai dai a kiyaye, yaro duk abin da ya taɓa baki ya ke kaiwa. Kada a ba shi fentin gini ko na mota, kada a ba shi kwalli, domin akwai dalma a cikin irin waɗannan, kuma ba mu manta ba yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Yadda ni ke yi da jikokina ke nan. A zuba rairayi mai tsabta a faifai, yaro ya ja alif da yatsa, ya share, ya sake ja. In hannu ya faɗa, a ba shi ɗan allo sabo wanda ba a taɓa rubuta aya a kansa ba, da gawayi. Alƙalami da tawada sai daga baya. Harafi ɗaya ya isa kwana biyu ko uku, zama kuma kada ya wuce gwargwadon shan fura, da ya fara hamma a sallame shi. A fara masa da baƙaƙen sunansa, don ba abin da yaro ke so kamar sunansa. Sunan Allah da ayoyi kuwa a ajiye su sai ya san girmansu, kada a same su a ƙasa ana takawa. Kai kuma ɗan kasuwa, littafi yana aljihunka. Ajamin da aka cire daga ƙananan takardun kuɗi a 2007 har yanzu yana kan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Fito da ita ka ce, nemo mini nun, nemo mini ra.

Tsumagiya fa? Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 ta Hijira, a littafinsa na ladubban malamai bai yarda malami ya wuce bulala uku a kan karatu ba sai da izinin uba, kuma yaran makaranta ya ke nufi, ba ɗan da aka yaye shekaranjiya ba. Ibn Haldun ya yi babi guda a Muƙaddima kan cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da kasala. Su waɗannan ba 'yan boko ba ne.

Wani zai ce, mu muna kasuwa tun hantsi har magariba, wa zai yi wannan aiki? Uwa za ta yi, in an ba ta hali. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai don haka ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Abin takaici, yau da yaro ya yi kuka sai a danƙa masa waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a guda a yini yana kallon irin waɗannan na'urori. Wayar tana iya rera masa alif da ba, amma ba ta kama hannunsa, ba ta kuma ce masa madalla da muryar uwarsa.

Maƙwabcin nan nawa bai ce mini komai ba a ranar. Amma shekaranjiya na ga an ware wa yaron kamu biyu na bangon bayan zaure, an ce nan nasa ne. Na leƙa, na tarar ya ja ba, sai dai ɗigon ya hau bisa. Na kama yatsansa muka sauko da shi ƙasa.