Waya Ba Shaiɗan Ba Ce Kaɗai: Ina Labaran Gona?



Ku duba littattafan da ake turowa a WhatsApp da Wattpad, ku duba finafinanmu. In waya ta shigo labari, to aure ne zai mutu, ko budurwa ta lalace a TikTok, ko miji ya kama saƙon kwarto. Tsoron gaskiya ne, ban musa ba. Amma tsoron mutumin birni ne, kuma mun tatse shi har ya daina ba da nono.

Magabatanmu ba su yi wa sabon abu kallon ido ɗaya ba. Aliyu Namangi ya yi wa keke waƙa. Magina a Zariya sun riƙa zana keke da jirgin sama a bangon gidaje, don mai gida ya nuna ya san zamani. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Mu da fasahar ke cikin aljihunmu, me ya hana mu?

Ku leƙa gonakin Bichi, Ɗambatta, Bagwai da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gado ya rarraba ƙasa har wani bai da inda zai juya garma. A nan ne fata da fargaba suke kwana ɗaki ɗaya. Mai noman rani a bakin madatsar Watari yana mafarkin injin ban ruwa mai sola, don fetur ya cinye masa riba. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ƙwadago ne abincinsa, yana kallon maganin feshi yana yin aikin da shi da fartanyarsa suke yi. Injin sussuka ya hutar da kafaɗar mata, haka ne. To ita tsohuwar da sussuka da shiƙa ke ba ta mudun hatsin da za ta kai gida fa? Wa ya taɓa ba ta babi guda?

A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin tallafi ta saƙon waya. Ku yi tunanin dattijon da bai iya boko ba, dole sai jikansa ya karanta masa. Girma ya koma hannun yaro. Ko ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023: manomi ya kai buhu Dawanau, an ce an tura masa, ya zauna yana jiran alat har magariba, bai san ko ya sayar ba ko an cuce shi. Wannan ba ya buƙatar aljani ko boka, tashin hankalinsa ya isa.

Wani zai ce labarin ƙauye ba ya kasuwa, masu karatu gidan Alhaji da Dubai suke so. Wataƙila. Amma Daɗin Kowa na Arewa24 ba a gidan bene aka gina shi ba, kuma ya riƙe mutane shekaru.

Mako mai zuwa ina son ganin gajeren labari, shafi biyu kacal, a kan manomi da wata na'ura. Sharaɗi ɗaya: kada kowa ya tuba a ƙarshe.