Faɗa Ake Rabawa, Hari Tare Shi Ake Yi: Darasin Kokoro ga Ƙawancen Soja

Ɗalibai, Bahaushe ya bambanta faɗa da hari. Faɗa na mutum biyu ne da suka tunkari juna, kowa da ƙarfinsa, kuma maganinsa a shiga tsakani a raba. Hari kuwa shi ne mai makami ya auka wa wanda bai shirya ba, a gidansa ko gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa. Wannan tare shi ake yi tun kafin ya iso. Rundunar ƙawancen da ta kasa gane wannan bambanci, ta tafi rabon faɗa a inda ake kai hari, ta taya maharin aiki ko da ba ta yi niyya ba. Wannan shi ne matsayina, kuma shaidata ita ce unguwar Kokoro da maƙwabtanta a yankin Kilomita Biyar na birnin Bangui, hedikwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Kilomita Biyar, wadda ake taƙaitawa da PK5, ita ce cibiyar cinikin Bangui. Can ne Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Chadi da sauran fatake suka daɗe da zama, suna cuɗanya da maƙwabtansu Kiristoci, kuma can ne babban masallacin birnin yake. Kokoro tana gefen wannan yanki, ta ɓangaren unguwar Boeing inda maƙabartar Musulmi take. A ƙasa da shekara biyu, daga farkon 2013 zuwa ƙarshen 2014, mutanen wannan wuri sun ga rundunonin ƙetare har biyar: ta ƙasashen tsakiyar Afirka, ta Tarayyar Afirka, ta Faransa, ta Tarayyar Turai da ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka unguwar ta zama kurkuku ga mazaunanta. Dole mu tambayi dalili.

Kuskuren farko a garin Damara aka yi shi, kimanin kilomita 75 arewa da Bangui. A Disambar 2012 'yan tawayen Seleka, waɗanda akasarinsu Musulmi ne daga arewa maso gabas tare da sojojin haya daga Chadi da Sudan, suka riƙa kama gari bayan gari. Ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, CEEAC, tana da rundunarta a ƙasar mai suna FOMAC. A farkon Janairun 2013 kwamandanta, Janar Jean-Félix Akaga ɗan ƙasar Gabon, ya shelanta cewa Damara ita ce iyaka, kuma duk wanda ya taɓa ta ya ɗaura yaƙi da ƙasashen ƙungiyar baki ɗaya. Maganar ta yi aiki na ɗan lokaci, har aka ƙulla yarjejeniyar Libreville a ranar 11 ga Janairu. Amma a ranar 22 ga Maris Seleka ta wuce ta Damara, rundunar ba ta tare ta ba. Waɗanda suka tsaya suka gwabza su ne sojojin Afirka ta Kudu su kimanin 200, aka kashe 13 daga cikinsu a bakin birnin. Ranar 24 ga Maris Shugaba François Bozizé ya tsere, Michel Djotodia ya naɗa kansa shugaba.

Bozizé ba waliyyi ba ne, shi ma da bindiga ya hau mulki a 2003, kuma ba kujerarsa nake wa kuka ba. Abin da ya faɗi a Damara shi ne kwarjinin ƙawance. Daga wannan rana kowane mai bindiga a ƙasar ya fahimci cewa gargaɗin ƙasashe goma yana iya zama cika baki kawai. Ƙawancen da ba shi da niyyar kare iyaka, kada ya shata ta, domin iyakar da aka ƙetare lami lafiya gayyata ce ga mahari na gaba.

Watannin da suka biyo baya na wawashe dukiya ne da kisa da ƙona ƙauyuka. Mayaƙan Seleka sun zalunci talakawa, galibinsu Kiristoci, rundunar yankin tana kallo. Wajibi ne duk mai son a ji kukan Kokoro ya faɗi wannan ba tare da noƙe-noƙe ba, domin wanda ya rufe ido ga zaluncin Maris ba shi da bakin yin tir da zaluncin Disamba. Daga wannan ɓarna ne ƙungiyoyin anti-balaka suka yi ƙarfi, suka kuma ɗora laifin Seleka a kan kowane Musulmi: mai shago, mai kiwo, tsohuwa da jariri.

Ranar 5 ga Disambar 2013 anti-balaka suka kai wa Bangui farmaki da asuba, Seleka ta mayar da martani a kan unguwannin Kiristoci, kuma ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa an kashe mutane kusan 1,000 cikin kwana biyu. A wannan rana Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2127, ya ba rundunar Tarayyar Afirka, MISCA, da ta Faransa, Sangaris, izinin amfani da ƙarfi domin kare fararen hula. Izini ya samu, sojoji sun iso. A nan aka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni.

Daga ranar 9 ga Disamba aka fara ƙwace makamai, kuma a kan Seleka aka mai da hankali. Dalilin a fili yake: su ne ke da barikoki da motoci da kaki, su ne ake iya gani. Anti-balaka kuwa suna cikin unguwanni da adduna da bindigogin farauta, sun saje da jama'a. Aka killace Seleka a barikoki, sannan bayan Djotodia ya yi murabus a Njamena ranar 10 ga Janairun 2014, mayaƙanta suka janye zuwa arewa. Ƙwace makaman Seleka daidai ne. Laifin shi ne ba a tanadi wanda zai tsaya a ƙofar Kokoro ba bayan ma'aunin ƙarfi ya karkata. Wanda ya ɗauke abin da ke hana a auka wa wasu mutane, tsaron mutanen nan ya koma wuyansa, amana ce ya ɗauka ko ya sani ko bai sani ba. Rundunonin sun ci gaba da kallon abin a matsayin faɗan ɓangarori biyu, alhali a titunan Bangui ya riga ya zama farautar mutanen da ba su da kariya.

Ga abin da ya biyo baya. Ranar 5 ga Fabrairun 2014, jim kaɗan bayan shugabar riƙo Catherine Samba-Panza ta gama jawabi ga sojojin ƙasar, wasu daga cikin sojojin suka kashe wani mutum a bainar jama'a gaban 'yan jarida, bisa zargin ɗan Seleka ne. A watan nan Amnesty ta kira abin da ake yi wa Musulmin yammacin ƙasar da sunan kawar da al'umma daga mazauninta, kuma daga baya kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da haka. A Maris 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar, Samantha Power, ta ce an rushe masallatai 417 daga cikin 436 da ke ƙasar. Musulmin Bangui da suka haura 100,000 kafin rikicin, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin 15,000 ne suka rage a Kilomita Biyar a ƙarshen 2015. Hanyar maƙabartar Boeing ta toshe, mutane suka kasa kai mamatansu, sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin mazauna unguwannin biyu a Fabrairun 2016.

Masu kare rundunonin suna da hanzari, kuma ya kamata a saurare shi. Suna cewa sojoji sun yi kaɗan: Faransawa 2,000 da 'yan Afirka kimanin 6,000 a ƙasar da ta fi Faransa faɗi. Suna cewa ba domin su ba da kisan ya ninka, kuma sojojinsu sun mutu a bakin aiki. Gaskiya ne duka, kuma babu mai hankalin da zai raina jinin sojan da ya mutu yana kare baƙo. Amma ƙarancin soja shawara ce da wasu suka yanke a ofis. A Fabrairun 2014 Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya roƙi ƙarin dakaru 3,000 cikin gaggawa. Tarayyar Turai ta amince da tura runduna tun Janairu, amma sai Yuni 'yan ɗaruruwan sojojinta suka gama haɗuwa. An kafa rundunar Majalisar, MINUSCA, a takarda ranar 10 ga Afrilu, ba ta karɓi aiki ba sai 15 ga Satumba. Wata tara ke nan bayan farmakin Disamba, lokacin da masu gudu sun riga sun gudu, masu mutuwa sun mutu. Ihu bayan hari ke nan.

Hanzari na biyu shi ne kwashe mutane. A ƙarshen Afrilun 2014 an yi wa Musulmi kimanin 1,300 rakiya daga unguwar PK12 zuwa arewacin ƙasar, kuma da tafiyarsu aka wawashe masallacinsu. Ba na zargin sojan da ya raka motocin, domin a ranar babu wani zaɓi da ya rage. Ina zargin waɗanda suka bari zaɓin ya ƙare, sannan suka lissafa kwashewar cikin nasarorinsu. Burin anti-balaka shi ne Musulmi su bar ƙasar. Idan ƙawance ya kawo motocin da za su fitar da su, maharin ya samu abin da yake nema, kuma da man fetur ɗin ƙawance. Duniya ta ga irin wannan a Srebrenica a Yulin 1995, inda aka ayyana gari a matsayin tudun mun tsira ba tare da ƙarfin kare shi ba, aka kashe maza da samari kimanin 8,000.

Akwai kuma matsalar wanda aka gayyata cikin ƙawancen. Chadi ta ba MISCA sojoji kimanin 850, amma yawancin mutanen Bangui suna ganin ta a matsayin uwar gijiyar Seleka. A ƙarshen Maris 2014 sojojin Chadi suka buɗe wuta a PK12, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutane kimanin 30, kuma a Afrilu Chadi ta janye dakarunta cikin fushi. Su kuma Musulmi da yawa suna ganin Faransa ta jingina da ɗaya ɓangaren. Rundunar da kowane ɓangare yake zargin wani sashenta ba ta iya tsawatar wa kowa.

Me ke faruwa idan ƙawance ya kasa? Mutane su nemi bindiga. A Kilomita Biyar ƙungiyoyin 'yan kare kai suka taso, kuma da farko jama'a sun ɗauke su garkuwa. Sannu a hankali suka koma karɓar kuɗin dole daga 'yan kasuwar da suke ikirarin karewa. Daga ɓangarensu ake zargin an kai hari cocin Fatima, maƙwabciyar yankin, a Mayun 2014 da kuma ranar 1 ga Mayun 2018, inda aka kashe masu ibada. Da MINUSCA ta shiga unguwar a Afrilun 2018 domin murƙushe su, aikin ya ƙare da gawawwakin da mazauna suka jera a ƙofar hedikwatar rundunar. A Disambar 2019 'yan kasuwa suka gaji suka gwabza da 'yan bindigar da kansu, mutane da dama suka mutu, shaguna suka ƙone. Asalin wannan duka shi ne gurbin tsaron da aka bari a buɗe a farkon 2014.

Wasu za su nuna Janairun 2021 su ce ga yadda ake yi. Ranar 13 ga watan gamayyar 'yan tawaye ta CPC ta kai wa Bangui hari, sojojin ƙasar da MINUSCA da dakarun Ruwanda da mayaƙan Rasha suka kore ta tun daga bakin gari. Wannan ya tabbatar da cewa tare hari a iyaka abu ne mai yiwuwa idan da niyya. Sai dai rahoton ƙwararrun Majalisar na wannan shekarar ya zargi sojojin ƙasar da abokansu Rashawa da kashe fararen hula, kuma Musulmi da Fulani sun sha wahala ƙwarai a samamen da ya biyo baya. Ƙarfin da ba ya amsa tambaya a gaban shari'a, gobe shi ne mahari.

To, me ya kamata ƙawancen soja ya yi? Ya kira hari da sunansa tun ranar farko, ko wane ne ya kai shi, Seleka ce a Maris ko anti-balaka a Disamba. Ya shata iyakar da zai iya karewa, ya kuma kare ta, kamar yadda dakarun ECOWAS suka nuna a Gambiya a Janairun 2017, inda Yahya Jammeh ya ga da gaske ake ya kama hanya. Kafin ya karɓe makamin wani ɓangare, ya girke sojojinsa a ƙofar fararen hular da za a huce a kansu. Ya nisantar da ƙasar da ke da hannu a rikicin daga fagen daga. Ya kuma miƙa masu laifi ga kotu da wuri. Sai a Yulin 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke wa jagororin anti-balaka biyu, Alfred Yekatom da Patrice-Edouard Ngaïssona, hukuncin ɗauri, shekara fiye da goma sha ɗaya bayan aika-aikar.

Kada a ce wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam. A garuruwan Boali da Bossemptélé limaman coci sun ɓoye ɗaruruwan Musulmi a harabar majami'unsu, ba su da ko harsashi ɗaya. A Bangui, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya sauki Imam Oumar Kobine Layama a gidansa bayan an rushe nasa. Waɗannan mutane sun gane wanda ake bi da wanda ke bi, suka tsaya a gaban wanda ake bi. Ƙawancen ƙasashe mai jiragen sama da motocin sulke ba shi da uzurin yin ƙasa da haka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a yau rundunonin haɗin gwiwa suna aiki a tafkin Chadi da yankin Sahel, kusa da garuruwanmu. Duk lokacin da kuka ji an ce irin wannan runduna ta shiga tsakani, ku binciki ko faɗa ta tarar ko hari, sannan ku tambayi wanda ta bari yana gadin ƙofar talaka da dare.